Bagaruwa da Karan Dafi: Shin Muna da 'Yancin Barin Sanin Gado Ya Mutu?

Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga Jimeta ya tsallaka gadar kogin Binuwai da nufin zuwa Girei, ba makawa sai ya ratsa Vinikilang. Mu da muke bin wannan hanya safe da yamma mun saba da abin da ido ke gani a bakin kogin, tun daga kwale-kwalen masunta har zuwa mata masu tallar ɗanyen kifi da na banda. Idan aka yi sa'a aka kamo giwan ruwa ko yauni, sai mutane su kewaye shi ana ciniki, kowa hankalinsa yana kan tsoka. Ita kuwa fatar, ko dai ta bi tsokar zuwa tukunya, ko kuma ta bi ƙaya da ɓawo zuwa juji. Bai taɓa faɗo mana a rai ba cewa a wata nahiya akwai mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna jeme irin wannan fata, su rina ta da ɓawon itace da furanni, su ɗinka rigar aure da ita.

Labarin waɗannan mutane ne ya sa muka waiwayi namu majema da marina da dukawa, domin abin da ya sami nasu sanin shi ne yake ƙwanƙwasa ƙofar namu. Tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu ita ce: idan kasuwa ta juya wa wata sana'a baya, shin al'umma tana da 'yancin naɗe hannu ta bar sanin da ke cikinta ya bi tsofaffi kushewa? In kuwa ba ta da wannan 'yanci, to a wuyan wa nauyin yake?

Masu rigar fatar kifi

A ƙuryar arewacin duniya, inda sanyi ke daskarar da koguna wata da watanni, auduga ba ta fita. Abin da aka hore wa mutanen wurin a yalwace shi ne kifi, musamman wanda ake kira salmon, mai baro teku ya hau koguna a lokacinsa na kowace shekara. Al'ummar Nanai da ke bakin kogin Amur, tsakanin Rasha da Sin, waɗanda a ɓangaren Sin ake kira Hezhe, sun ƙware da aikin fatar kifi har Sinawan da suka yi musu laƙabi da ita. Sukan feɗe fatar a tsanake, su busar da ita, sa'an nan su yi ta murza ta a cikin wani katako mai haƙora kamar muƙamuƙin kada, har ta yi laushi tamkar yadi. Daga nan sai rini, inda suke samun shuɗi daga furen wata ciyawa, sauran launuka kuma daga tsirrai da ƙasa. A Alaska, mutanen Yupik da maƙwabtansu suna jiƙa ɓawon wani itacen bakin rafi su sami launi ja mai duhu. Mutanen Ainu na tsibirin Hokkaido a Japan takalman shiga ƙanƙara suke ɗinkawa da fatar salmon. A Aisilan kuwa, har an yi zamanin da ake auna nisan tafiya da yawan takalman fatar kifin da matafiyi zai cinye kafin ya isa.

Abubuwa uku ne suka taru suka raunana wannan sani. Na farko ƙarfin hukuma: bayan da gwamnatin Japan ta mayar da Hokkaido ƙarƙashin mulkinta kai tsaye a 1869, an hana Ainu kamun salmon a kogunan kakanninsu, aka kuma kafa dokar 1899 wadda ta tura su noma ta nemi narkar da su cikin sauran Japanawa. Sai a 2019 doka ta amince cewa su 'yan asalin ƙasar ne. Na biyu araha: yadin masaƙa da takalmin roba sun zo da sauƙin kuɗi da sauƙin wahala. Na uku, wanda ya fi sauran cin rai, kunya ce, domin an wayi gari rigar fatar kifi ta zama alamar talauci da ƙauyanci, har 'ya'ya suka ƙi koya daga iyayensu mata.

Yau ga shi duniya ta dawo tana neman abin da ta rena. A 2006 ƙasar Sin ta sanya aikin fatar kifi na Hezhe cikin jerin al'adun gadon da hukuma ke karewa. A Alaska kuwa, jikokin masu sana'ar sukan tafi gidajen ajiye kayan tarihi su zauna gaban rigunan kakanninsu, suna juya ɗinki suna lalube, ko sa gano yadda aka yi. Abin da uwa za ta nuna wa 'yarta a yini guda, shi ne ake kwashe shekaru ana gwaji da kuskure kafin a kusanto shi.

Namu gadon

Mu ba a san mu da jimar fatar kifi ba, amma a jimar fatar akuya da tunkiya da saniya, da kuma rina su da tsirrai, ƙasar Hausa ba ta bin kowa a baya. Majemi yakan tsoma fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta da kartaji, ya sa ta a ruwan fatakka ko na kashin kaji domin ta yi laushi, sa'an nan ya jefa ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. A nan ne ainihin jimar take, domin 'ya'yan bagaruwa suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke kama zaren fata ya hana ta ruɓewa. Bayan kwanaki sai a tsame, a shafe ta da man gyaɗa, a murza, a shanya.

Rinin ma kowane launi da mafitarsa. Ja daga karan dafi yake, wato wata irin dawa da ake shukawa saboda jan kuben ganyenta, a daka shi a haɗa da ruwan toka ko kanwa. Rawaya daga saiwar rawaya ko gangamau. Baƙi kuwa shi ne kuloko, wanda ake samu ta hanyar jiƙa kashin maƙera har ya tsumu. Abin lura game da kuloko shi ne, baƙin ba ya fitowa sosai sai ƙarfen ya haɗu da tanin ɗin da bagaruwa ta bari a jikin fatar. Ashe ke nan jakar baduku guda ɗaya ta tara hannun makiyayi, da mahauci, da manomin karan dafi, da matar da ta tsinto bagaruwa, da maƙeri, da majemi, kafin ta iso ga mai ɗinki. Sarƙa ce, in aka cire zobe ɗaya sauran sai su watse.

Wannan fata ta yi suna tun ba yau ba. Fatake sun riƙa ƙetara Sahara da fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaurin littattafai suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta tasoshin can take isa gare su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a farkon 1851, ya kuma iso Yola a watan Yuni na wannan shekara, zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama, ya ba da labarin yadda Kano ke fitar da takalma da kirgi da jajayen fatu rinannu da karan dawa har zuwa Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata kuwa, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har yanzu akwai masu tsoma zane a cikin baba a wurin, ko da yake ramukan da suka bushe sun fi masu aiki yawa.

Mu ma sauyi ya zo mana daga inda ya zo wa mutanen Amur. A 1856 wani saurayi Bature ɗan shekara 18, William Perkin, ya fitar da launi daga kwaltar gawayin ƙasa a Ingila. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma jima da gishirin kuromiyam ta bazu, wadda ke gama fata cikin kamar yini guda, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatun duniya a yau. Garura ta shigo kasuwanninmu cikin gwangwani, roba ta maye gurbin guga da salka, buhun leda ya kori taiki. Har gafakar da almajiri ke adana Alƙur'ani a ciki, sau da yawa yanzu ta fatar roba ce.

Hujjar masu cewa a bar shi ya tafi

Adalci ne mu saurari masu ganin cewa wannan kuka namu na banza ne, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Da farko suna cewa zamani riga ne, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Sana'a hanyar biyan buƙata ce. Idan talaka ya sami bokitin roba mai sauƙin kuɗi da ba ya wari ba ya yoyo, wane ne mu da za mu ce ya koma wa guga saboda sha'awarmu ta tarihi? Wanda cikinsa ya cika shi ke da sukunin yabon tsohon abu.

Na biyu, suna tambaya: wa zai zauna a bakin ramin jima? Aiki ne mai wari, mai cin hannu, mai karya baya, ribarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Ɗan majemi yana da haƙƙin zama likita ko lauya kamar ɗan kowa. Mu da muka baro gonakin iyayenmu muka zo jami'a, da wane baki za mu ce wa ɗan wani kyan ɗa ya gaji ubansa?

Na uku, suna tunatar da mu cewa ba duk abin gargajiya ne ke da tsarki daga aibi ba. Ruwan jimar gargajiya ma yana damun maƙwabta, kuma da a ce duk fatun da ake jemewa yau da tsirrai za a jeme su, da an matsa wa itatuwa lamba.

Mun yarda da kaso mai yawa na wannan magana. Hasali ma hujja ta biyu ta taɓa mu a inda yake mana ciwo, domin mun san yadda al'ummarmu ta daɗe tana kallon majemi da marini. Muna son jar fata a kan sirdin hawan salla, amma idan mai baƙin hannu ya zo neman auren 'yarmu sai a fara binciken asali. Kunyar da ta kashe rigar fatar kifi a can, irinta ce muka daɗe muna shayar da 'ya'yan masu sana'a a nan. Saboda haka idan yaro ya gudu daga karofi, kada a bar jaki a daki taiki: mu ne muka koya masa gudun.

Inda muka rabu da su

Kuskuren wannan ra'ayi, a ganinmu, shi ne ya cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: kayan da ake yi, da sana'ar da ake ci da ita, da kuma sanin da ke ƙarƙashinsu. Kaya suna iya tsufa, ba wanda zai yi makokin salka a gidan da famfo ke zuba. Sana'a ma tana iya ƙanƙancewa, daga gidaje ɗari ta koma gidaje biyar, ba tare da an zalunci kowa ba. Amma sani wani abu ne daban. Sanin cewa 'ya'yan wannan itace suna hana fata ruɓewa, da sanin lokacin da ruwan ya ƙosa, da gwargwadon tokar da za ta buɗe jan karan dafi ba tare da ta ƙona shi ba, duk ba mutum ɗaya ne ya gano su ba, kuma ba a shekara ɗaya ba. Mutanen da ba mu san sunansu ba ne suka ɓata fatu ba adadi kafin su dace, suka miƙa wa na bayansu kyauta. Abin da mutum ya saya da kuɗinsa yana iya yar da shi. Abin da aka ba shi ajiya domin ya miƙa gaba kuwa amana ne, mai riƙon amana kuma ba shi da ikon cewa ta daina amfani don kawai shi bai ga amfaninta ba.

Daɗin daɗawa, irin wannan sani a hannu da hanci da ido yake zaune. Majemi yakan yanki gefen fata ya duba ko bagaruwa ta ratsa ta, marini yakan gane baba ya nuna daga kumfarsa da warinsa. Littafi yana iya faɗin abin da ake haɗawa, amma ba ya iya ɗanɗana wa mai koyo. Shi ya sa idan sarƙar koyo ta tsinke na tsawon zuriya ɗaya tak, ɗaura ta kan zama jan aiki, kamar yadda jikokin masu fatar kifi suka gani. Yanke shawarar da ba a iya warwarewa ya fi kowace shawara buƙatar taka-tsantsan, balle kuma wadda za a yanke a madadin waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Sa'an nan arahar da ake magana a kanta, ba duka kuɗinta ake biya a kasuwa ba. Masu zama kusa da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano sun san launin ruwan da ke fitowa daga can, binciken masana kuma ya sha nuna kuromiyam a cikin kogin Challawa, wanda manoman rani da masunta ke dogaro da shi. Mai sayen takalmi ya sami rangwame, mai shan ruwa a ƙasan kogi ya cike gibin da lafiyarsa. Haka kuma garura da gishirin jima daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, alhali bagaruwa tana zubar da 'ya'yanta a fadamunmu kowace shekara, kuma ba sai an sare ta ake tsintar su ba. Duk ranar da hanyar waje ta toshe ko kuɗinmu ya faɗi, wanda ya san abin da ke cikin dajinsa shi ke da mafita. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba muna cewa duk tsohon abu sai an riƙe shi ba ne. Ma'auninmu tambayoyi uku ne: shin sanin yana cutarwa? Shin in ya ɓace ana iya dawo da shi cikin sauƙi? Shin ya dogara ne a kan abin da ƙasarmu ke fitarwa? Jima da bagaruwa da rini da karan dafi cutarwarsu kaɗan ce, dawo da su da wuya, kayan aikinsu kuma a bayan gari suke. Sun cancanci a riƙe su.

Nauyin a wuyan wa?

Saura tambayar da ta fi wuya, wato ta ɗan majemi. A nan malaman Musulunci sun riga sun share mana hanya da abin da suka kira farillar kifaya, wato aikin da ya hau kan al'umma gaba ɗaya, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki da ƙaho a cikin wannan babi. Ita jima ma ta zo a hadisi a matsayin abin da ke tsarkake fata, har an ambaci ƙaraz, wanda dangin bagaruwarmu ne. Hikimar wannan rabo ita ce bai ɗaure wani mutum guda da igiyar gado ba. Ɗan majemi yana da 'yancin tafiya. Al'umma ce ba ta da 'yancin barin wurin ya zama kango.

Idan haka ne, to nauyin ya fi hawa kan masu hali da masu ilimi, wato mu. Sauke shi kuwa yana da hanyoyi sanannu. Mu sayi kayan da kuɗin da ya dace da wahalarsu, mu daina taya aikin mako guda da kuɗin goro. Mu kira abin da sunan mai shi, kada a sake maimaita labarin fatar Maroko. Mu ɗauki tsohon majemi a matsayin malami, a gayyato shi ɗakin gwaje-gwaje ya koyar a biya shi, maimakon a je a yi masa tambayoyi a dawo a sami digiri shi kuwa ko kwafin kundin bai gani ba. Akwai cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya, akwai sassan kimiyyar haɗa sinadarai a jami'o'inmu, har da Jami'ar Modibbo Adama da ke nan Girei. Mu kuma ɗaliban Hausa, kalmomi irin su kartaji da kuloko da katsi da fatakka suna mutuwa tare da aikin da ya haife su, tattara su daga bakin masu su aikinmu ne, ba na kowa ba.

Kammalawa

Bari mu koma bakin gadar da muka fara. A birnin Kisumu na Kenya, a gaɓar tafkin Biktoriya, akwai masu karɓar fatar giwan ruwa daga masana'antun sarrafa kifi suna jeme ta, ana ɗinka takalma da jakunkuna. Kifin nan dai shi ne namu na Binuwai, fatarsa kuma tana da ƙarfi duk da rashin kaurinta, saboda zarenta a sarƙe yake kamar saƙar tabarma. Tanin ɗin bagaruwa ba ya tambayar fata ko ta akuya ce ko ta kifi. Ba mu ce gobe za a buɗe majema a Vinikilang ba, domin a nan fatar kifi abinci ce kafin ta zama komai. Abin da muke nunawa shi ne, in har wata rana ɗan masunci da ɗan majemi za su zauna su gwada wannan, to sai in an sami wanda har yanzu ya san yadda ake haɗa ruwan bagaruwa. Kakannin da suka gano sirrinta ba su san da wannan amfani ba, mu ma ba mu san wanda jikokinmu za su nema ba. Wannan rashin sani namu shi ne babban dalilin da ya sa bai halatta mu yanke hukunci a madadinsu ba.

Muna roƙon mai karatu, idan hutu ya zo ya koma gida, ya tambaya ko akwai sauran majemi ko marini ko baduku a garinsu. In akwai, ya je ya gaishe shi, ya zauna, ya riƙe alƙalami, ya kuma sayi wani abu kafin ya tashi.